Kacalla Ta Tare Hanyar Ruwa A Fadamar Haɗejiya

Wanda ya bi hanya daga Haɗejiya zuwa Nguru da kaka zai yi mamaki. Ƙasa ce ta rairayi, ta ƙaya da goruba, daminarta ba ta wuce wata uku ko huɗu ba. Amma ga ruwa shimfiɗe iyakar ganin ido, ga bado ya yi fure, ga masunta cikin kwalekwale. To, ina wannan ruwa ya fito?

Daga nesa ya zo. Kogin Jama'are yana tasowa daga duwatsun Jos. Kogin Kano da na Calawa su kuma suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Da kogunan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai suka tarar da tsofaffin jigayi na rairayi sun gitta musu. Dole ruwan ya rarrabu, ya bi tsakanin tudu da tudu, ya cika kowane kwari. Abin da ya saura ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi Tafkin Cadi.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi, shi ne ba ruwan kaɗai ke rayar da fadama ba. Zuwansa da komawarsa ne. A watan Agusta da Satumba ruwa ya hau, kifi ya bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai, shinkafa ta tashi tare da ruwan. Da ya fara janyewa, manomi ya bi sawunsa yana shuka wake da sauran kayan rani a cikin laima. Masunta su tare bakin tafkuna, su kama tarwaɗa da karfasa. Da rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ruwa ya bari, su bar taki. Fili ɗaya ya ciyar da mutum uku a shekara guda, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya nutse ƙasa kuwa, shi ne ake jawowa da guga a rijiyoyin ƙauyuka masu nisa.

Halittun wurin ma haka suka saba. Dubi gaiwa. In tafki ya ƙafe, sai ta shige cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ƴar kafa ta shaƙar iska, ta kwanta watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Ga kuma baƙi masu fiffike. Ban da ƴan gida, irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe, akwai ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa da ke tasowa daga Turai da Rasha in sanyi ya kama can. Sukan ƙetare teku, su ƙetare Hamada, su sauka nan wajen watan Oktoba, su yi ta tsintar ƙwayar ciyawa da shinkafar da ta zube bayan girbi har watan Maris. Saboda su ne aka keɓe tafkin Dagona, inda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya kai ziyara a 1989. A shekara ta 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Amma tun kafin wannan girmamawa, fadamar ta riga ta fara ciwo. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Ba za mu ce an yi su banza ba. Birnin Kano yana shan ruwansu, gonakin Kadawa suna ba da tumatir da alkama da shinkafa. Sai dai madatsa tana riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara. Ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, ranin da ke busar da su kuma ya ɓace. Ga fari na 1973 da na 1984 sun ƙara tsananta al'amarin.

Nan kacalla ta sami abin da take so. Ciyawa ce doguwa, ta fi tsayin mutum, kanta kamar zangarniyar gero. Ba baƙuwa ba ce, da ma tana nan, amma rani yakan hana ta sakewa. Yanzu da ta sami ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, sai ta miƙa saiwa ta ƙarƙashin laka, iska kuma ta ɗauki irinta mai kama da auduga. Inda ta yi kauri ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Tsohuwar hanyar kogin Haɗejiya ta cushe, ruwa ya karkata ya bi mashigin Marma ya nufi Nguru. Abin tausayi, mutanen wani gefe ruwa ya cinye musu gonaki da hanyoyi, na wani gefen kuma suna duban busasshen kwari. Kwalekwale ba ya ratsa kacalla, taru ba ya shiga. Sauro da katantanwa mai kawo tsargiya sun sami gida. Jan baki kuwa, kai, ya sami masaukin da ba mai iya korarsa, daga can yake tashi kamar hayaƙi ya sauka a kan gero da shinkafa. Da fili ya ƙuntata, manomi da makiyayi da dā suke karɓa-karɓa sai ga su suna neman wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Mutanen wurin ba su naɗe hannu ba. Ƙauyuka sukan yi gayya, maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda. Sun gane cewa in an yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, saiwar takan rasa iska ta ruɓe, amma in aka ƙone ta daga sama, nan da nan ta sake tohowa. A 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, suka taru a Damaturu suka amince da kafa asusu don gyaran waɗannan koguna. A bakin kogin Senigal, inda wata madatsa ta jawo irin wannan masifa, ana mai da kacalla gawayin girki, abin da zai rage sare bagaruwa da goruba in ya karɓu a nan.

A ganinmu yanka kaɗai ba zai isa ba, gama lauje ba ya canja abin da ya kawo ciyawar. Masana sun daɗe suna ba da shawara a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Calawa da damina, a rage shi da rani, domin fadama ta sake samun hawa da sauka. Wannan kuwa sai an daidaita da masu noman rani na sama, waɗanda su ma iyali suke ciyarwa. Akwai kuma maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda aka fara aka dakatar. Mutanen Yobe da Borno sun daɗe suna nuna rashin yarda da ita, domin Jama'are ne kogin da ya rage yana kawo musu ambaliyar damina yadda yake yi tun zamanin kakanni.