Yadda Ake Daidaita Hoton Talabijin da Faifan Gwaji

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haka ne, sai dai kuma a gaban akwatin talabijin ido yakan ruɗu. Mutum zai zuba kuɗi ya sayo akwati mai tsada, ya kunna, ya ga fuskokin mutane jawur kamar an shafa musu manja, ciyawar filin ƙwallo tana ƙyalli, shi kuwa yana ta murna. Da majigi ya kai wurin da dare ya yi, sai komai ya zama baƙi ƙirin, ba a bambanta ɓarawo da bango.

Dalili shi ne a kanti akwai fitilu masu ƙarfi, ga akwatuna jere, kowace tana neman jan idon mai saye. Don haka akan cika musu haske da launi fiye da kima. Wannan kyan ɗan maciji ne, domin a ɗaki yana gajiyar da ido, yana kuma ɓoye abin da mai ɗaukar hoto ya sha wahala ya ɗauka. To, tun da ido kaɗai bai isa ba, ana bukatar mudu. Mudun nan shi ne faifan gwaji.

Faifai ne irin na DVD ko Blu-ray, cike da zane-zanen da aka san ainihin yadda ya kamata su fito. Wani masani ɗan Amurka, Joe Kane, ya yi suna da nasa mai suna Video Essentials. Akwai kuma na Spears & Munsil, wanda ya fara fitowa a 2009.

Kafin a fara, sai a kunna akwatin ya yi kamar rabin sa'a, a bar hasken ɗaki yadda aka saba kallo. A zaɓi tsarin hoton da aka rubuta wa Movie ko Cinema, a kashe duk wani abin da ke sauya haske da kansa. A kuma rubuta lambobin da aka tarar, don in an ɓata a san inda za a koma.

Na farko shi ne Brightness. Sunan yana yaudara, gama ba fari yake gyarawa ba, zurfin baƙi yake tsayarwa. Zanen da ake gwada shi ana kiransa PLUGE, injiniyoyin BBC ne suka ƙirƙiro shi a Ingila. Fili ne baƙi mai ɗauke da sanduna: wata ta fi filin duhu, wata kuma ta ɗan fi shi haske. Sai a ɗaga lambar har duka su bayyana, sa'an nan a riƙa saukewa sannu-sannu har mai duhun ta narke cikin filin, amma mai ɗan hasken tana nan ana hango ta da kyar. Nan ake tsayawa. In an wuce ƙasa, inuwa ta haɗiye komai. In an bar shi sama, baƙi ya koma toka-toka kamar an yi hazo.

Na biyu shi ne Contrast, mai kula da fari. Zanensa matakai ne na fari, kowane ya ɗara na bayansa kaɗan. In an cika lambar, matakan ƙarshe sai su haɗe su zama ɗaya, kamar yadda aikin farin zare a kan farar shadda ke ɓacewa a tsakar rana. A rage har kowane mataki ya fito daban. Bayan haka a koma a sake duba baƙi, domin taɓa ɗaya yakan motsa ɗayan.

Na uku shi ne launi. A nan akwai sanduna 7 masu launi daban-daban, kuma wasu faya-fayan sukan zo da ɗan gilashin roba shuɗi. Ta cikinsa ake leƙawa, a gyara Colour har sandar farko da ta ƙarshe su yi haske ɗaya.

Na huɗu shi ne Sharpness. Yawancin mutane suna zaton yana ƙara tsabtar hoto, alhali farin zobe kawai yake zanawa a gefen abubuwa. A rage shi har zoben ya ɓace daga jikin layukan zanen, ba tare da sun dushe ba.

Gaskiya faifai ba ya iya komai. Daidaita fari ya dace sosai da ma'aunin da masu shirya majigi ke bi, wato D65, sai gwani mai na'urar awo. Amma zaɓen Warm a wajen zafin launi yakan kai mutum kusa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in kun yi wannan gyara a gida, kada ku yi gaggawar yanke hukunci. Ranar farko hoton zai yi kamar ya koɗe, ƙila har Baba ya ce kun lalata masa akwati. Ku roƙe shi ya ba ku mako guda. In makon ya cika, ku mayar da tsoffin lambobin da kuka rubuta, ku bar idonsa ya yi alƙalanci.