Tsakanin Ajin Jami'a Da Kasuwar Shanu

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Shanu, inda ake sauke dabbobin Chadi da Kamaru da Nijar kafin a loda su zuwa Kudu. Galibin cinikin da baki ake ƙulla shi, dillali ya karɓi la'adarsa, makiyayi ya kama hanya ba tare da takarda ba. A 2016 Gwamnatin Jihar Borno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu domin toshe wa 'yan Boko Haram kafar sayar da dabbobin sata. Dalilin mai ƙarfi ne, amma 'yan dako da mahauta da masu kora su suka fi jin jiki, alhali yawancinsu ba su san inda ake kai kuka ba.

To, ina 'yan bokon da za su tsaya musu? Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana cikin garin nan. A da, ɗalibi yakan nuna kishin talaka ne a kan titi, kamar zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki ta 1978, wadda aka rasa rayuka cikinta a Legas da Zariya. Amma wajen 2005 wata hanya ta ɓullo, sa'ad da jami'ar ta shiga sahun huɗun farko a Nijeriya da suka buɗe ofishin da ɗaliban lauya ke taimakon marasa galihu kyauta. Ɗalibin da ya shiga gidan yari, ya zauna da wanda ya shekara yana jiran shari'a don ba mai tsaya masa beli, da wuya ya sāke karanta doka da idon da ya saba.

Haka nan ɗaliban likitan dabbobi, waɗanda mayankar da ke kusa da kasuwar ta zame musu aji na biyu. A can suke ganin cewa saniyar da aka hana yankawa saboda tarin fuka ita ce jarin wani magidanci kacokan. Littafi ya ce a hana, kuma daidai ne, amma bai faɗi wanda zai ɗauki asarar ba.

A ganinmu, da jami'ar za ta ajiye wa ɗaliban lauyan nan teburi a bakin kasuwar, tare da tafinta mai jin Kanuri da Fulatanci da Larabcin Shuwa, da ba za su rasa masu kawo ƙara ba tun ranar farko.