Shin Ko Kun San? Na'urar Riƙe Gudun Mota da Sikanar Bakanike

Shin ko kun san wanda ya ƙirƙiro na'urar da ke riƙe wa direba gudun mota ba tare da ya taka totur ba makaho ne? Sunansa Ralph Teetor, injiniya daga jihar Indiyana ta Amurka, wanda ya rasa ganinsa tun yana yaro. Ya yi rajistar fasahar a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1958.

Shin ko kun san tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket mai ƙofa 16 da ake kira OBD-II? Yana nan ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Tokumbon da ake shigo mana da su daga can duk suna da shi, nan ne bakanike ke jona sikana.

Ko kun san sau da yawa idan na'urar riƙe gudu ta ƙi kamawa lafiyarta ƙalau? Ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ke hana ta. An ƙera ta ne ta saki gudu da zarar an taɓa birki, to in makunnin ya maƙale, ƙwaƙwalwar mota tana ganin ƙafarka na kan birki har kullum. Sikana mai nuna abin da ke faruwa nan take za ta tona shi: bakanike ya taka, ya saki, idonsa na kan allo. In rubutun bai motsa ba, an kama ɓarawo. Cikin lambobin matsala da sikana ke nunawa, P0571 da P0504 nan suke nuni, P0500 kuma na'urar auna gudu take nufi.

Sai dai a kula, lamba layin da ke da matsala take faɗa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Wataƙila waya ce ta tsinke, ko fiyus ya ƙone. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke goge lambar kawai, fitilar gargaɗi ta mutu, su karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo.

Shin ko kun san in maɓallan sitiyari sun daina aiki tare da hon, ga fitilar jakar iska a kunne, yawanci siririyar wayar da ke naɗe a cikin sitiyari ce ta yanke? Wasu motocin kuma, irin su Subaru, da kansu suke kashe riƙe gudu muddin fitilar gargaɗin inji ta kama. Galibi ma ba ya kamawa sai mota ta kai wajen kilomita 40 a awa.

Ƙananan sikanoni masu araha da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji kaɗai suke karantawa, ba sa shiga ɓangaren birkin ABS, inda matsalar na'urar gudun taya ke ɓuya. Sababbin motoci masu rada a gaba kuwa, laka ko ƙura mai kauri kan fuskar radar ta isa ta dakatar da aikin riƙe gudu, sai a fara da gogewa.

Kafin ka yarda a canza maka wani abu, ka ce a nuna maka allon sikanar, ka rubuta lambar da hannunka.