Gonar Baba a Suleja: Abin da kadada biyu suka bar wa iyalan wani tsohon ma'aikaci

Tun kafin gari ya gama wayewa, motocin ma'aikata kan fara barin Suleja su bi ta Madalla, su wuce gindin Dutsen Zuma, su ratsa Zuba da Kubwa zuwa ofisoshin gwamnati da ke Abuja. Haka aka saba tun bayan da aka mayar da fadar Gwamnatin Tarayya daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991, lokacin da tsadar haya ta tilasta wa ƙananan ma'aikata da matsakaita neman matsuguni a garuruwan da ke kewaye. Amma kowane ma'aikaci yana da ranar da motar za ta tashi ba tare da shi ba. Ƙa'idar aikin gwamnati ta yanke cewa da zarar mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, to lokacin ajiye alƙalami ya yi.

Tambayar da ke biyo bayan wannan rana ita ce ina mutum zai nufa idan ya idar da sallar Asuba. Wani dattijo da ya yi aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikatar tarayya ya amsa ta da gona. Ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce, iyalansa kuma sun nemi a sakaya sunansa. Baba suke kiransa, haka ma za a kira shi a nan.

Daga tebur zuwa kunya

Baba yana cikin waɗanda aka taso daga Legas. Da bai samu gida a Abuja ba, sai ya kama haya a Suleja, garin da shi ne ainihin mai sunan Abuja. Abu Ja ne, daga zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa shi a 1828. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, tsohon gari kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaiman Barau. Ƙasar yankin tana samun ruwan sama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, kuma Gwarawa da Koro sun daɗe suna fitar da doya da dawa da masara daga cikinta.

Saura shekaru kaɗan ya yi ritaya Baba ya sayi fili da bai wuce kadada biyu ba a wani ƙauye da ke bayan gari. Doka ba ta hana shi ba: Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta wa ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya keɓe noma daga wannan hani. A lokacin da aka kawo dokar fansho ta 2004, wadda ta sa ma'aikaci da gwamnati ke zuba kuɗi a asusu kowane wata, saura masa ƙasa da shekara uku, don haka ya kasance cikin waɗanda aka bari a tsohon tsari. Kuɗin giratutinsa sun yi jinkirin fitowa. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta ce a watannin nan na jira, masarar gonar da waken cikinta ne suka rufa wa gidan asiri.

Babban ɗansa ya tuna cewa a damina ta farko Baba ya zama abin dariya ga maƙwabtan gona. Hannun da ya shekara talatin da biyar yana riƙe da biro ya yi kanta da bororo cikin kwana uku. Kunyoyin da ya ja sun karkace, ruwan sama na farko kuma ya share rabinsu. Wani dattijon Bagware da gonarsa ke iyaka da tasa ne ya tausaya masa, ya nuna masa yadda ake jan kunya ta tare gangare, da lokacin da ake binne irin doya, da yadda ake kafa mata sanda. Baba, wanda a ofis ake miƙe masa tsaye, ya koma ɗalibi, yana kiran mutumin da Malam. Abotarsu ta ɗore har mutuwa ta raba.

Darakta da Masinja

Abin da jikoki suka fi tunawa shi ne awaki. Baba ya raɗa musu sunayen muƙaman ofis. Wani ƙaton bunsuru da ba ya taɓuka komai sai cin dusa shi ne Darakta. Wata akuya mai tsallake shinge ta je gonar mutane ita ce Masinja. Akwai kuma tsohuwar tunkiya da ake kira Babbar Sakatariya, domin ba a shiga garke sai ta yarda. Idan yara suka zo hutun makaranta, Baba kan tsaya bakin turke ya yi kiran suna kamar ana tantance ma'aikata, su kuwa suna faɗuwa da dariya.

Wasan kaka da jika ya samu fili a gonar. Jikanyarsa ta fari, wadda yake kira amaryarsa don ya tsokani Hajiya, ta ce takan ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma ya ce ba zai biya sadakin wadda ba ta iya bambanta yakuwa da rama ba. A wurinsa ta fara sanin cewa gyaɗa a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, kuma zabuwa takan ɓoye ƙwanta a cikin ciyawa, sai mai haƙuri ke gano shi. Yanzu tana karatu a jami'a, amma ta ce har gobe ƙanshin masarar da aka gasa a kan garwashin kara yakan mayar da ita ƙarƙashin rumfar da Baba ya kafa a tsakiyar gona, inda yake ajiye tabarma da buta da ƙaramar rediyo.

Hajiya kuwa da farko ba ta so gonar ba. Ta ce ta yi zaton idan Alhaji ya huta da aiki zai zauna ta gan shi, sai ga shi yana fita da sassafe fiye da lokacin da yake zuwa ofis. Daga baya ta lura da abokan aikinsa da suka yi ritaya tare: wasu sun koma zaman ƙofar gida, jiki ya yi nauyi, hira ta koma ta ƙorafin fansho kaɗai. Nata mijin yana dawowa da yamma da gajiya da yunwa da labari. Tun daga nan ta fara dafa masa abinci a kai gona, ta kuma karɓi gefe guda ta shuka zogale da kuɓewa.

Littafin lissafi

Mai hali ba ya fasa halinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwar aikinsa a kan lissafin kuɗin gwamnati bai iya noma ba tare da rubutu ba. Bayan rasuwarsa, 'ya'yansa sun tarar da manyan littattafai masu bangon kwali a cikin akwatinsa, kowace damina da nata shafuka: kuɗin iri, kuɗin taki, ladan 'yan ƙwadago, kuɗin mota, da abin da aka girbe.

Lissafin bai yi wa gonar kara ba. A mafi yawan shekaru abin da aka kashe ya fi abin da aka samu. Akwai shekarar da tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, ta cinye masa fiye da rabin shuka. Akwai shekarar da cuta ta shiga akurki ta kwashe kaji. Akwai wadda shanu suka shiga gonar, aka kai magana gaban dagaci, Baba kuma ya yafe diyyar bayan da makiyayin ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Duk ya rubuta, bai ƙara ba, bai rage ba.

Sai dai a ƙarshen kowace shekara akwai wani shafi da 'ya'yan ba su san da shi ba. A nan yake rubuta inda amfanin gona ya tafi: kwano kaza na masara ga matar wani abokin aikinsa da ya rasu, doya kaza ga tsohon direban ofishinsu, buhu ga makarantar allo ta unguwa, kwandon mangwaro ga maƙwabta. Ƙaramar 'yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce sai da ta karanta shafukan nan ta gane dalilin da ya sa fuskokin da ba su sani ba suka cika gidan a ranakun zaman makoki. Fanshon Baba bai isa ya yi kyauta da shi ba. Gonar ce ta bar shi a matsayin mai bayarwa har ƙarshen ransa.

Dillalai sun iso

Abuja tana ci gaba da tunkuɗo mutane zuwa Suleja da Madalla da Gauraka, gonakin jiya kuma suna komawa fulotai. Gidajen bulo sun riga sun iso kusa da iyakar gonar Baba. Dillalai sun fara sallama tun kafin a yi sadakar arba'in, kuma farashin da suke ambata ya ninka abin da ya biya sau da yawa.

A nan ne ra'ayin magada ya rabu. Babban ɗan, wanda shi ma ma'aikacin tarayya ne, yana ganin a sayar. Hujjarsa ba ta son zuciya ba ce: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar zuwa aiki kaɗai yana cin wani babban kaso na albashinsa, ga kuɗin makarantar yara, ga maganin Hajiya. Babu kuma wanda ke da sukunin zuwa gona kullum. Ƙannensa mata suna ganin idan aka sayar, kuɗin za su ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, itatuwan mangwaro da kashu da gwaiba da Baba ya dasa da hannunsa kuma za a sare su a yini guda. Suna tuna masa da hadisin da ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Akwai kuma matsalar takarda. Duk tsantsenin Baba, abin da ya bari shi ne yarjejeniyar ciniki mai sa hannun dagaci da shaidu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara. Baba bai nemi ko ɗaya ba, domin a zamaninsa kowa ya san iyakar kowa. Yanzu da shaidun ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, magadan sun fahimci cewa ko sayarwa za su yi ko riƙewa, sai sun fara da awon fili da neman takarda.

Da aka tambayi babban ɗan abin da zai gaya wa abokan aikinsa masu mafarkin irin wannan gona, ya ambaci abu uku da ya koya daga littattafan mahaifinsa. Na farko, a fara tun ana karɓar albashi, domin kuskuren shekarun farko yana da tsada. Na biyu, kada a zuba kuɗin sallama gaba ɗaya a ƙasa da fatan riba, domin ƙaramar gona takan ciyar da gida ne, ba kasafai take tara dukiya ba. Na uku, a kammala takardu tun mai fili yana raye.

Hukuncin Hajiya

A rabon gado, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Da aka zauna a gaban malamin da zai raba, Hajiya ta ce ba ta son nata kason a kuɗi. Ta nemi a auna mata shi ta ɓangaren da itatuwa da rumfar suke, sauran kuma 'ya'ya su yi yadda suka ga dama da shi. Babu wanda ya yi musu.

An amince za a yanka gefen da ke bakin hanya a sayar idan takardu sun fito. Ragowar an ba ɗan dattijon nan Bagware aro yana nomawa, yana kawo wa gidan wani abu idan an yi girbi. Darakta an daɗe da yin layya da shi, amma jikokin Masinja suna nan a gidan Hajiya, suna tsallake katanga kamar kakarsu. Sabon littafin lissafi yana hannun jikanyar nan ta fari. Ta ce shafin farko da ta buɗe shi ne na waɗanda za a kai wa mangwaro idan ya nuna.