GORO, SHAYI DA ƘWAYOYIN ƘARA KUZARI: YAUSHE YA DACE A SHA SU?

Daga Wakilinmu

Tun zamanin da fatake ke ɗauko goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, mutanenmu sun san abin da ke wartsake gajiya ya kuma kori barci. Har yanzu manomin shinkafa a fadamun Wurno, da mai noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo wadda aka kammala a kan Kogin Rima cikin 1984, da ma'aikacin ofis a Raba, da wuya ka ga ɗayansu ya fara aiki bai ɓara goro ko ya kurɓi shayi ba. To, amma a 'yan shekarun nan an sami ƙarin wasu kayayyaki a kantuna da shagunan magani, wato lemun gwangwani mai ƙara kuzari, da garin gina jiki na masu ɗaga ƙarfe, da ƙwayoyin da ake cewa suna kaifafa ƙwaƙwalwa. Abin da jama'a ba su cika kula da shi ba shi ne, lokacin da aka sha abu yakan sa ya yi amfani ko ya zama asara.

Wani masani ɗan ƙasar Romaniya mai suna Corneliu Giurgea ne ya raɗa wa magungunan ƙwaƙwalwa sunan "notorofik" a 1972. Akasarin waɗanda ake tallarsu da wannan suna ba su da ƙwaƙƙwarar shaida cewa suna ƙara wa mai lafiya basira. Wanda masana suka tabbatar yana sa mutum ya kasance a farke shi ne sinadarin kafeyin, wato ainihin abin da ke cikin goro da shayi da kofi. Kofin shayi yana ɗauke da kamar miligiram 40 zuwa 50, na kofi kamar 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin Red Bull kuwa 80. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, amma mai juna biyu kada ta wuce 200.

Kafeyin yakan kai ƙarfinsa cikin jini bayan minti 30 zuwa 60, kuma sai an yi wajen awa biyar kafin rabinsa ya fita daga jiki. Wato ɗalibin da ya sha kofi da ƙarfe tara na dare don ya yi bitar jarrabawa, da ƙarfe biyu na dare rabin kofin na nan yana aiki. A wani bincike da aka buga a Amurka cikin 2013, an gano cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Alhali kuwa cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a sha da safe ko da hantsi, a kuma dakata tun kafin La'asar. Masu gyambon ciki su yi hattara da cin goro ko shan kofi ba su karya kumallo ba, domin yana ƙara tsamin ciki.

Sai kuma batun abinci. Mutane da yawa sun saba kora tuwo ko burodi da shayi mai kauri, ba su san cewa shayi yana iya rage fiye da rabin sinadarin ƙarfe da jiki zai tsotsa daga abincin ba, wanda shi ne ke gina jini. Wannan ya fi shafar mata masu ciki da 'yan mata da duk wanda likita ya ɗora a kan maganin ƙarin jini. Dabarar ita ce a bar aƙalla awa guda tsakanin abinci da shayi, maganin kuwa a sha shi da ruwa ko lemun zaƙi, ba da shayi ko madara ba. Su kuwa bitamin A da D da E da K, jiki ya fi karɓarsu idan an sha su tare da abinci mai maiƙo, kamar miyar da aka sa wa man gyaɗa ko man shanu.

Ga matasa 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da 'yan dambe, masana harkar wasanni sun nuna cewa kafeyin kamar miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki, awa guda kafin wasa, yana ƙara juriya. Mai nauyin kilo 60 ke nan kofi biyu ya ishe shi, kuma ƙari a kan haka yakan jawo rawar jiki da bugun zuciya. Abinci mai nauyi kuma a ci shi awa biyu zuwa uku kafin a shiga fili. Bayan an gama, fura da nono, ko wake da shinkafa, ko ƙosai da koko, suna ba jiki abin da garin gwangwani mai tsada zai ba shi, domin jimillar abin da aka ci a yini ta fi lokacin muhimmanci. Haka nan garin kiriyatin na masu ɗaga ƙarfe, giram 3 zuwa 5 kullum ake sha, kuma sai ya yi mako uku zuwa huɗu yana taruwa a tsoka kafin a ga aikinsa. Mai zuba cokali da yawa ranar gasa ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙasar Sakkwato, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ruwan sha ya fi duk waɗannan zama wajibi.

Akwai kuma abin da ba shi da lokacin da ya dace ko kaɗan. Taramol, wanda wasu leburori da manoma ke haɗiya don su yi aikin mutum biyu, maganin ciwo ne mai sa jaraba, yana kuma haddasa farfaɗiya da tsayawar numfashi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta hana shi lokacin gasa tun daga Janairun 2024, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018.

Don haka muna kira ga ɗalibai da ma'aikata, duk wanda zai sayi irin waɗannan kaya ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsu, mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuma ya nemi shawarar likita tukuna. Iyaye da malamai su ma su sa ido a kan abin da yara ke sha lokacin jarrabawa. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.