Kilo Ɗaya Da Shekara Takwas

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da masu ɗaga ƙarfe suke atisaye a nan Abuja, ya ga yarinya ta shafa farin alli a tafin hannu, ta ɗaure ɗamarar fata a ƙugu, ta tsaya shiru gaban ƙarfe kamar mai jiran hukuncin alƙali, zai gane cewa wannan wasa, ko da yake jama'armu suna yi masa kallon aikin ƙarti, ƙa'idojinsa suna da tsanani irin na mizanin amintaccen ɗan kasuwa. Sandar mata kilo 15 ce tun ba a zura mata fayafayai ba. Ɗagawa kuwa iri biyu ce: ɗaya a fizge ƙarfen daga ƙasa zuwa bisa kai a motsi guda, ɗaya a fara aza shi a kafaɗu sannan a tura shi sama, kowane iri sau uku ake gwadawa, alƙalai uku su kunna farar fitila ko ja, a haɗa mafi nauyi na kowane iri, jimlar ita ce hujja.

Ran 16 ga Agusta 2008, a gasar Olamfik ta birnin Bejin, a rukunin matan da suka haura kilo 75, 'yar Koriya ta Kudu Jang Mi-ran ta ɗaga jimlar kilo 326, wadda ba ta bar wa kowa ta cewa ba. Ta biyu 'yar Yukren, ta uku 'yar Kazakistan da kilo 270. Ta huɗu ita ce Ele Opeloge, daga Samowa, wasu tsibirai can cikin Tekun Fasifik waɗanda dukan mutanensu ba su wuce dubu ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma ba su taɓa samun lambar Olamfik ba tun da suka fara zuwa. Ta ɗaga 269, watau kilo ɗaya tak, abin da bai kai nauyin mudun gero ba, shi ya raba ta da lambar tagulla. Ta biyar kuwa tamu ce, Maryam Usman, tana da shekara goma sha bakwai, da kilo 265.

Ele da Maryam kowace ta koma gida hannu rabbana, amma ba su rabu ba, gama ƙaddara ta yi ta haɗa su. A gasar ƙasashen rainon Ingila ta Delhi a 2010 Ele ta ɗauki zinariya, Maryam azurfa; bayan shekara huɗu, a Gilasgo, sai reshe ya juye da mujiya, Maryam ta hau sama, Ele ta bi bayanta.

To, hukumar Olamfik tana da al'ada ta adana fitsarin 'yan wasa shekaru masu yawa, domin in ilmin bincike ya ƙaru a sake duba shi. Da aka yi hakan a 2016, sai aka tarar ta biyu da ta uku duka sun yi amfani da haramtattun magungunan ƙara ƙarfi, aka ƙwace lambobinsu, azurfa ta koma hannun Ele, tagulla ta koma hannun Maryam. Alal haƙiƙa wannan adalci ne, amma adalcin da ya makara, domin wanda aka tauye wa mudu, ko an cika masa bayan shekara takwas, yunwar wancan dare ba ta ramuwa. Tsayuwa a kan dandamali, da ganin tutar ƙasa tana hawa, da ɗaukakar da ke zuwa wa mutum sa'ad da yake ganiyar ƙarfinsa, duk waɗannan masu ha'inci sun riga sun cinye.

Mutanen Samowa sun taru a Afiya, babban birninsu, a 2017, suka rataya wa 'yarsu lambarta a bainar jama'a. Mu kuwa, da Ruth Ogbeifo ta kawo mana azurfa tun a Sidni a 2000, shekarar da aka fara barin mata su ɗaga ƙarfe a Olamfik, mutum nawa ne a cikinmu za su iya ambaton sunanta, balle na Maryam? Mai karatu ya riƙe wannan: a littafin Olamfik na yau, ta uku a duniya a wancan rukuni, shekarar 2008, Maryam Usman ce, 'yar Nijeriya.