Ƙasusuwan Gadufawa Sun Ta da Gardama a Madadi

Bayan girbin dawa bara, wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Kano ya zo gida hutu da wani shirin talabijin a cikin ɗan katin waya. Ya ce, "Malam, ya kamata yaranka su ga wannan." Na zaci wasan kwaikwayo ne. Ashe labari ne na waɗansu manyan dabbobi da suka ƙare a duniya tun da daɗewa, waɗanda ake kira dainoso, da yadda masana ke tono ƙasusuwansu suna haɗawa.

Muka yi aron akwatin talabijin da janareta, muka kafa a filin makaranta ran Jumma'a da dare. Yara na gayyata, amma iyaye suka fi su yawa. Shirin da Turanci ne, saboda haka ina tsayar da shi ina fassarawa, har muryata ta dushe.

Abin da ya fara ba jama'a mamaki ba girman dabbobin ba ne. Wurin da aka same su ne. Kowa yana tsammani za a ce Amurka ko Ingila, sai ga Buzaye da rawunansu a cikin hoto, ga raƙuma, ga rairayi. Wurin nan Gadufawa ne, kudu maso gabas da Agadas, cikin hamadar Tenere a ƙasar Nijar. Wata tsohuwa ta ce, "Af, ashe maƙwabta ne!"

Faransawa masu neman yuraniyom ne suka yi karo da ƙasusuwa a can, suka ba da labari. A 1965 wani saurayi masani daga Faransa, Philippe Taquet, ya je ya fara tono. Daga 1997 kuma Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya kai tasa ƙungiya. Cikin abin da suka samu har da wani babban ɗan'uwan kada, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum a kwance. Yara suka yi ta ihu. Amma wadda ta ta da gardama wata ce dabam, mai cin ciyawa, wadda aka raɗa wa suna Nijarsoras a 1999, wato ƙadangaren Nijar.

Mahauci ya gyara zama

Tsawon dabbar nan mita 9 ne, kamar ƙafa 30 ke nan, nauyinta kuwa kusan na giwa. Bakinta shi ne abin kallo. Mai fāɗi ne, a miƙe sambal, ya fi sauran kan fāɗi, haƙora kuma sun jeru a gaba kamar na matsefi. Layi 68 a sama, 60 a ƙasa. A bayan kowane haƙori akwai waɗansu suna jiran gado, har kusan 9. In an haɗa duka sun wuce 500. Masana sun ce kowane haƙori kwana 14 yake yi, ya lalace, wani ya maye gurbinsa.

Nan wani ya ɗaga murya daga baya, ya ce, "Wa ya zauna da ita yana ƙirga mata kwana?" Aka yi dariya. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa tana cikin haƙorin. In an yanka shi siriri aka duba da madubin likita, za a ga waɗansu layuka ƙanana, kowace rana layi ɗaya yake ƙaruwa sa'ad da haƙori ke girma. Sai a ƙirga layukan wannan haƙori da na mai bi masa, a ga tazarar kwanakin da ke tsakaninsu. Na tuna musu yadda Bafillace ke duban zoben ƙahon saniya ya faɗi shekarunta, bai kuwa ga ranar haihuwarta ba.

Akwai wani mahauci a cikinmu, mai yanka a kasuwar Gwarzo, mutum ne mara yawan magana. Da aka nuno ƙashin bayan dabbar, aka ce iska ta fi ƙashi yawa a ciki, duk ramuka ne da bango siriri, sai ya gyara zama. Ya ce, "Malam, tsaya. Wannan ba ƙashin sa ba ne. Ƙashin sa cike yake da ɓargo, ga nauyi. Wannan irin na tsuntsu ne." Ban riga na fassara wannan sashe ba, amma abin da mai shirin zai faɗa ke nan. Masana sun ce irin jakunkunan iskar da ke jikin kaza, masu shiga har cikin ƙashi, su ne suka sa ƙattin dabbobin nan suka iya ɗaukar jikinsu. Ƙoƙon kan ma haka yake, waɗansu wurare kaurinsu bai kai milimita 2 ba, har haske yana ratsawa.

A gaskiya maganar mahaucin nan ta fi shirin duka yi mini daɗi. Bai yi aji ɗaya a makaranta ba, amma shekara da shekaru hannunsa yana cikin ƙashi.

Masana kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan kome. A 2007 Sereno da abokan aikinsa suka ɗauki hoton cikin kunnen dabbar da na'urar asibiti, suka ce yadda bututun kunnen ke kwance ya nuna kullum bakinta yana duban ƙasa, tana kiwo kamar saniya. Waɗansu suka ƙi, suka ce dabbobin yau ma ba sa riƙe kai wuri ɗaya. Na gaya wa jama'a wannan da gangan, domin kada a ɗauka duk abin da ya fito a talabijin an rufe maganarsa.

Shekara miliyan nawa?

Sa'ad da na fassara cewa dabbar ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Tenere ke cike da koguna da itatuwa, sai wuri ya yi tsit. Wani dattijon ikkilisiya ya tashi, ya ɗauki kujerarsa ya tafi gida.

Kashegari na je gaishe shi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, mun ba ka yaranmu ka koya musu tsoron Allah. Littafin Farawa ya ce kwana shida. Kai kuma ka kawo akwati yana cewa miliyan. Wanne yaro zai riƙe?" Ya ce in haka za a ci gaba, zai cire jikokinsa biyu daga makaranta.

Ban raina maganarsa ba, kada kuma mai karatu ya raina. Mutanen tsaransa sun sha wuya kafin a sami ikkilisiya da makaranta a ƙasar nan, ba kuwa za su so a rushe musu da dare ɗaya ba.

Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri in faɗi abin da na sani." Na gaya masa masu bi na gaske sun daɗe da rabuwa biyu a kan wannan. Waɗansu suna riƙe cewa kwanakin nan irin namu ne, duniya kuma ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba. Wani bishop na ƙasar Ailan, James Ussher, ya bi lissafin zuriya a 1650, ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Lissafinsa ne, ba aya ba ce. Waɗansu kuwa suna ganin Farawa tana koya mana wanda ya yi halitta da dalilin yinta, ba tsawon zamanin ba. Mutumin da ya fara raɗa wa dainoso suna a kimiyyance, a 1824, William Buckland, limamin ikkilisiyar Angilika ne a Ingila, bai kuwa tuɓe rigarsa saboda ƙashi ba. Kalmar dainoso ma sai a 1842 Richard Owen ya ƙirƙiro ta, don haka ba abin mamaki ba ne da ba a same ta cikin Littafi Mai Tsarki ba. Akwai masu cewa babbar dabbar da ke cikin Ayuba sura 40 ita ce, amma masu fassara da yawa sun ce dorina ce, ni ma can na fi karkata.

Ni dai ra'ayina, hujjar masu ilimin duwatsu tana da ƙarfi, gama ba hanya ɗaya suke bi wajen auna shekaru ba, hanyoyin kuma suna tabbatar da juna. Abin da na fi tsoro shi ne yaro ya bar Madadi ya shiga sakandare, ya tarar da wannan a littafin jarrabawa, ya gane malaminsa na ikkilisiya ya sani ya ɓoye masa. Ran nan zai fara shakkar sauran abin da na koya masa.

Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ban yarda da miliyan ɗinka ba. Amma ka riƙa gaya musu duka biyu, ka kuma gaya musu wanda ya yi dabbar." Na ce na yarda. Jikokin suna nan a aji.

Me ya sa babu a gonarmu?

Ran Litinin yara maza suka zo da shirin haƙa bayan makaranta. Na hana su ɓata ƙarfi. Ƙashi yana zama dutse ne in laka ko yashi sun binne shi a gindin ruwa, suka taurare a kansa. Duwatsun ƙasar Gwarzo da Kabo kuwa tsofaffi ne ƙwarai, waɗanda zafi da matsi suka dafa a can ƙarƙashin ƙasa, ba sa riƙe ƙashi. Amma Nijeriya ba ta rasa nata ba. A ƙasar Sakkwato an tono wani ƙaton mai rarrafe na teku, ba dainoso ba ne, aka sa masa suna daga Goronyo a 1972. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi cike yake da ɓawon halittun teku. Wato akwai lokacin da teku ya rufe Sakkwato, mai shan zafin nan. Wanda kuma hanya ta kai shi Yamai, zai ga ƙasusuwan dainoso a tsaye a gidan tarihi na ƙasa.

Abin da 'yan mata suka riƙe dabam ne. Shirin ya ce dainoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, sai reshe ɗaya da ya tsira, wato tsuntsaye. An nuna ƙashin nan mai kama da gwafa da ke ƙirjin kaza, aka ce masu cin nama cikinsu suna da irinsa, kuma tun 1996 ake tono waɗansu a ƙasar Sin da alamar gashin tsuntsu a jikinsu. Wata yarinya 'yar aji biyar ta zo da ƙashin a ƙunshe cikin takarda, an wanke shi fes. Ta ce uwarta ta yanka zabo jiya, ta ce a kawo wa Malam kakan dodonsa. Na gyara mata, na ce jika dai, ba kaka ba. Muka ɗaure shi da zare muka rataye a gefen allo, mahauci kuma ya yi alkawari zai aiko mana da ƙashin bayan sa, domin yara su ɗaga su ji bambancin nauyi.